Agogon nutson da abokina ya zaɓa mini

Shekarun baya da ɗan dama na taɓa yin wani wayo a kan agogo, wanda har yau in na tuna sai na yi wa kaina dariya, daga baya kuma dariyar ta gushe.

Ni da abokina tare muka tashi a unguwar Nakkasa a Makka, gidansu yana saman namu a jikin dutse. Kakana ya daɗe da zuwa Makka har ya zama ɗan ƙasa, mu kuma muka gada. Iyayen abokina kuwa daga Damagaram suka taso, suka biyo ta Chadi da Sudan, don haka shi, duk da a Makka aka yanke masa cibi, da iƙama yake zaune, wato takardar izinin zama ta baƙi. Muna yara wannan bai taɓa shiga tsakaninmu ba. Da muka girma ma bai shiga ba, sai ta wuri ɗaya: mutumin nan ba ya karɓar kyauta daga hannuna. Ko shayi na biya masa, gobe sai ya biya mini da sambusa a kai.

Na samu aiki a wajen masu motocin alhazai a Kudai, muka koma Ka'akiyya da zama. Shi kuma yana tsaron wani kantin tsaraba, yana sayar wa alhazai carbi da turare da agogunan nan masu ƙyalli da ba sa kaiwa Sallar baɗi. Shi ne ya ja ni zuwa koyon nutso a Jidda. Ni da ko a bahon wanka ba na son ruwa ya rufe mini kunne! Amma ranar da na fara sauka ƙasan teku a Shu'aiba, kudu da Jidda, na ga duwatsun murjani da kifaye kala-kala suna wucewa ta gaban hancina ba su ko kula ni ba, shi ke nan, aka rasa ni. Duk hutun mako muna hanya da tukwanen iska a bayan mota.

A harkar nutso ba a shiga ruwa mutum ɗaya. Kowa da abokin shigarsa, ka duba kayansa ya duba naka, a ƙasa kuma idonka na kansa nasa na kanka. Ni mai shagala ne, in na ga kunkuru sai in manta da duniya. Aikin abokina ke nan kullum, ya zo ya ƙwanƙwasa mini tukunya, ya nuna mini wani ɗan agogon roba da ke hannunsa, wato malam, lokaci ya yi.

Wannan ɗan agogon roba shi ne duk abin da ya mallaka, amma manyan agogunan nutso na Turawa ya san su kamar shi ya haife su. In muka fito daga ruwa muka biya ta kasuwannin Jidda, sai ya tsaya gaban gilashi ya yi ta bayani, ni kuma yunwa na cina. In ce masa, "Ya shaikh, ai yanzu na'ura ake ɗaurawa, ita ke lissafa komai. Agogon me?" Sai ya ce, "Kai ba za ka gane ba. Kai ko takalmi ƙafa ɗaya aka ba ka sawa za ka yi."

Sai al'amura suka juya masa a shekara guda. Rusau ya kai layinsu. Mai kantin ya rufe, aka nemi wani kafili, wato ɗan ƙasa mai tsaya wa baƙo, da za a mayar da iƙamar abokina hannunsa ba a samu ba. Mahaifinsa ya riga ya rasu, mahaifiyarsa ta ce ita ta gaji, a kai ta gida. Haka aka tsayar da magana za su koma Damagaram, garin da abokina bai taɓa takawa ba, wanda kuma babu teku ko a mafarki.

Tunda na ji, barci ya ƙaurace mini. Ba ni da ikon tsayar da shi. Abin da na ga zan iya kawai shi ne kada ya tafi hannu rabbana, ya tafi da wani abu na tekun nan da yake so, daga hannuna, wato agogon nutso. Na daɗe ina tara kuɗi don in canza mota, na ce mota ta jira.

Na faɗa wa mahaifiyata. Ta ce, "Ka saya, ka naɗe, ka kai wa uwarsa ka ce guzuri ne. Ba ya musu da ita." Na ce, "Umma, ba ki san shi ba, sai da dabara." Ta dube ni ta ce, "Oho dai. Kai da dabara tun kana ƙarami ba ku taɓa shiri ba." Da na ji maganarta da yanzu ba ni da labarin ba ku.

Dabarar tawa ita ce in ce masa ni zan saya wa kaina, ya zo ya taya ni zaɓe. Ta haka zai zaɓi wanda ransa yake so ba tare da ya sani ba.

Kai, ban taɓa ganin mutum ya yi murna da sayayyar wani ba kamar yadda ya yi ranar. Ya sa farar riga sabuwa kamar mai zuwa ɗaurin aure. A wani kantin agogo a Jidda aka zaunar da mu, aka kawo gahawa, aka jero agoguna a kan wani ƙyalle mai laushi. Ni na miƙa hannu ga wani baƙi ƙato mai allurai da yawa. Ya buge mini hannu. "Wannan na masu son a gan su ne. A ƙasan ruwa idonka ba ya son hayaniya." Ya ɗauki wani ya murza zoben da ke kewaye da fuskarsa kusa da kunnensa yana sauraro, ya nuna mini cewa gefe ɗaya kawai yake juyawa, don ko ka buge shi da dutse ba zai yaudare ka ya ƙara maka lokaci ba. Ya rufe shi da tafin hannu ya leƙa ya ga yadda yake haske a duhu. Mai kantin ya ce wannan yana jure zurfin ɗaruruwan mita. Abokina ya ce, "Madalla. Mutumina in ya kai can, agogon ne kawai zai dawo."

A ƙarshe ya rage saura biyu, baƙi da shuɗi. Na ce, "In kai ne wanne?" Ya ɗaga shuɗin ya juya shi a hasken fitila, ya ce a hankali, "Ka san wurin nan a Shu'aiba inda murjani yake ƙarewa, ƙasa ta yanke, ka leƙa ba ka ganin komai sai ruwa? Kalarsa ke nan." Na ce shi ke nan, shi muke so.

Nan dabarata ta fara tangal-tangal. Hannuna siriri ne kamar na mai jinya, nasa kuwa kauri gare shi. Mai kantin ya ɗauko kayan aiki zai rage ƙarafan madaurin daidai hannuna. Na ce a'a a bar shi haka, a kan rigar ruwa zan riƙa ɗaurawa. Abokina ya ce, "Haba, kada ka ba mu kunya mana." Ya buɗe maƙullin ya nuna mini wani ɗan ninki da aka yi musamman don rigar ruwa. Ina ji ina gani aka rage shi daidai tsintsiyar hannuna, aka zuba mini ragowar ƙarafan a 'yar jaka. Na fito ina murmushin yaƙe, shi kuma yana ta ce mini mabruk.

Mun samu shiga ruwa sau ɗaya da shi kafin tafiyarsu. Ranar ban ga kifi ko ɗaya ba, shi nake kallo. Ya tsaya a wurin nan da ƙasa ta yanke, ya daɗe yana kallon shuɗin ruwan bai motsa ba. A karon farko ni ne na je na ƙwanƙwasa masa tukunya na nuna masa agogo.

Ranar tafiya suna gidan wani kawunsa a Kudai, falo cike da 'yan rakiya. Ga yadda na tsara: ku da ba ku zauna nan ba, akwai wata al'ada da muka tashi a ciki. In wani ya yaba abin da ke jikinka, sai ka ce masa "mugaddam", wato ga shi na ba ka. Shi kuma ya ce a'a, ya fi kyau a wurin mai shi. Kowa ya san gaisuwa ce kawai, ba mai bayarwa ba mai karɓa. Ni a wautata na ga cewa wannan ce ƙofar da zan bi, tunda ba za ta yi kama da sadaka ba. Ragowar ƙarafan ma suna aljihuna.

Aka yi la'asar, aka fara fitar da akwatuna. Ya kamo hannuna ya juya shi, ya ce, "Masha Allah, wallahi ya zauna maka." Na kwance shi nan take na miƙa masa. "Mugaddam."

Ya yi murmushi, ya ce, "Ya fi kyau a hannun mai shi." Dattawan da ke falon suka gyaɗa kai, an yi abin da ya dace, yaran nan suna da tarbiyya. Na ce, "A'a, da gaske nake." Ai wannan ma cikin gaisuwar yake, kowa haka yake cewa. Na ga abu zai kuɓuce, na ɗaga murya, "Walla—" Sai ya toshe mini baki da tafin hannunsa. "Kada ka rantse, ɗan'uwa, ka jawo wa kanka kaffara a banza." Aka fashe da dariya. Ya karɓi agogon ya mayar mini a hannu, ya danna maƙullin da kansa. Ya ce, "Ka riƙa wanke shi da ruwan daɗi in kun fito. In na dawo zan duba."

Haka suka tafi. Na koma gida na tarar da mahaifiyata, ta dubi hannuna ta dubi fuskata, ta zuba mini abinci.

Shekaru suka yi ta tafiya. Na ci gaba da nutso da duk wanda aka haɗa ni da shi, mutanen kirki, amma ba wanda ya san cewa kunkuru na ɗauke mini hankali. Muna waya da abokina kullum. Da farko ba shi da zance sai na dawowa: wani ya yi masa alkawarin biza, wani kamfani na neman ma'aikata, bayan Hajji in sha Allahu. Yakan ce in turo masa hoton teku. Yana ba ni labarin yadda ake masa dariyar Hausarsa, wai yana cewa "yalla" da "ɗayyib" kamar Balarabe. Sannu a hankali ya buɗe ɗan shago, mahaifiyarsa ta rasu aka binne ta can, ya yi aure. Zancen biza ya ragu, amma bai taɓa cewa ya fasa ba, ni ma ban taɓa tambaya ba.

Da aka haifa masa 'ya ta fari, na kira shi in yi masa barka. Muna cikin hira, ina jin hayaniyar 'yan suna a bayansa, na ce bari dai in fasa ƙwan. Na ce, "Ka san agogon nan tun farko kai na saya wa?"

Ya yi dariya har da tari. "Tun a kanti na sani. Wa zai bar madauri yana lilo a wannan sillen hannun naka?"

Raina ya ɗan ɓaci. Na ce, "To don me ka wulaƙanta ni gaban mutane?"

Ya ce, "Ba wulaƙanci ba ne. A Damagaram ina zan shiga da shi, rijiya? Na ga in na karɓa na tafi da shi, to na yarda ke nan ba zan dawo ba. In yana hannunka kuwa, ina da abin da zan zo in duba."

Cikin wasa na ce, "To yanzu fa? In aiko maka?"

Na zaci zai ce in bar shirme. Ina jin kukan jaririya da muryoyin mata a bayansa. Sannan ya ce, "Aiko."

Na ba wani alhaji mai komawa gida ya kai masa, har da ragowar ƙarafan madaurin. Ya turo mini hotonsa a hannunsa, a ƙofar shago, rana na dukansa, ya yi masa kyau ƙwarai.

Ban sake sayen wani ba, kuma ba don tsada ba. Mutane suna cewa na yi abin kirki, ni ban san ko haka ne ba. Abin da na sani shi ne na shafe shekaru ina jin haushin ya ƙi karɓa, ban gane cewa ƙin nasa ne ya sa nake kwana da sa rai ba. Har yau ina kewarsa, kewa mai tsanani, musamman a hanyar Shu'aiba in na waiwaya kujerar gefe. Na roƙi Allah sau da yawa abokina ya karɓi kyautata, kuma ya karɓa. Ranar da ya ce in aiko, a gefen titi na tsayar da mota na yi kuka kamar yau ya tafi.