Kunyar da Aka Yaba Mini

A gidanmu na Kumbiya-Kumbiya na yi wankan jegon ɗana na fari, kuma har gobe in ana lissafin mata masu kunya a dangi sai an sako ni. Duk ranar da na ji, sai raina ya ɓaci.

Mahaifiyata, wadda muke kira Dada, Bafulatana ce mai riƙo da al'ada. A wajenta mace ba ta ɗaukar ɗan fari a gaban mutane, ba ta yi masa wasa, ba ta kiran sunansa. Ni kuwa tun ina da ciki nake tsokanarta, ina cewa nawa ɗan a kafaɗa zan saɓa shi in zaga unguwa. Sai ta taɓe baki ta ce, "Mu gani a ƙasa, in ji kare."

Da na haihu aka miƙo mini shi, ban ji komai ba. Na ɗauka gajiya ce. Amma bayan suna abin ya ci gaba, har ya ƙaru. Da zarar ya kama nono sai wani baƙin ciki ya taso mini, kamar an aiko mini da saƙon rasuwa. Sai in kawar da kai in fuskanci bango, hawaye na zuba, ina Allah-Allah ya saki. In ya yi kuka ba na motsi sai an ɗora mini shi a cinya. Tsoronsa nake ji, ina kuma jin haushin kaina, don wace irin uwa ce ke tsoron jaririnta?

Goggona, ƙanwar babana, ita ke yi mini wanka da ruwan zafi da ganyen darbejiya. Wata safiya ta shigo da kunun kanwa ta tarar da ni na juya wa yaron fuska yana tsotso. Sai ta rangaɗa guɗa.

"Ku zo ku ga 'yar boko! Ina cika bakin? Wallahi ko kallonsa ba ta yi. Jini ba ya ƙarya!"

Daga ranar duk mai shigowa barka sai an ba ta labari, ta sa mini albarka. Ba na cin abinci, aka ce kunya ce. Ba na magana, aka ce natsuwa ta zo. Mijina ma in ya leƙo, a zaure yake tsayawa don kunyar surukai, mu gaisa ya wuce.

Sau ɗaya na gwada faɗa. Na ce, "Dada, in yana shan nono ji nake kamar in mutu."

Ta ce, "Kul! Wasu nema suke ido rufe, ke Allah ya ba ki. Ki yi istigfari."

Ban sake faɗa ba.

Nono ya fara ja baya, tunda ba ci nake ba, kuma ba na ba shi sai dole. Yaro ya rame. Aka yanke cewa nonona bai karɓe shi ba, aka koma madarar gwangwani, Dada ta ɗauke shi zuwa ɗakinta. Da na yi arba'in zan koma ɗakina a unguwar Madaki, ta ce a bar mata shi har ya yi ƙwari. Ban yi musu ba. Goggo ta ce ko waiwaye ban yi ba, aka sake yaba mini.

Wata maƙwabciyata Batangaliya, malamar asibiti, ita ta lura tsakar gidana ya daina ganin tsintsiya, ni kuma kullum ina zaune wuri guda. Ta matsa sai da ta kai ni wajen likita. A nan na ji cewa ciwo ne da ke kama wasu masu jego, kuma yana da magani. Na yi kuka ranar, na baƙin ciki da na haushi.

A hankali na warke. Son yaron ya zo mini gaba ɗaya, lokacin da babu ko ɗigon nono a jikina. Na tafi ɗauko shi, ya ƙanƙame zanin Dada yana tsala ihu. Aka ce in bari ya saba. Yanzu yana firamare, yana can wajenta, Adda yake kirana, kamar wata yayarsa.

Kwanan baya na je gaishe su, ya faɗi a tsakar gida ya kurje gwiwa. Na durƙusa na buɗe masa hannu. Ya wuce ni da gudu ya faɗa jikin Dada. Na sauke hannuna a hankali.

Goggo, da ba ta ga farkon abin ba, ta dubi wasu baƙi da ke zaune ta ce, "Kun gani ko? Har yau ba ta taɓa shi a gaban mutane."