Baƙin Saƙin Inna

A hannun Inna tufa ba ta mutuwa. Zane in ya tsufa sai ya koma majanyi, majanyi ya koma gammo, gammo in ya yage ta cusa shi cikin matashin kai. Muna yara a Gidan Sori haushin wannan hali nata muke ji. Ƙawayenmu na yanga da gwanjo mai sheƙi, mu kuwa sai rigar da aka fitar daga tsohon zanenta.

Tana da wani baƙin saƙi, rinin shuni, da ta gada wurin kakarmu. A bakinsa akwai faci da jan zare, don ranar da ya yage baƙin zarenta ya ƙare, ita kuwa ba ta jira.

Da ta rasu ina garin Agiye, gidan aurena. Na zo makoki, kafin hankalina ya dawo jikina Gwaggo, ƙanwar mahaifinmu, ta rabar da tufafinta sadaka, kamar yadda ake yi. Saƙin ya faɗa hannun wata maƙwabciya.

Na ce, "Gwaggo, shi ɗai nika so."

Ta ce, "Ki kulle shi cikin akwati ya yi miki mi, ɗiyata? Muddin wani na moriyatai, lada na iske ta. So kike ki yanke mata?"

Raina ya ɓaci ƙwarai.

Zuwana na gaba, da hantsi, na hango Inna a hanyar rijiya. Bayanta ne, ɗaurin zanenta ne. Har na buɗe baki zan kira ta, sai ta waiwayo, ashe maƙwabciyar nan ce ɗaure da saƙin. Daga baya na gan shi majanyi, an goya jariri da shi. Na sake ganinsa gammo a ƙarƙashin bokiti. Duk zuwa sai na tarar ya ragu, ni kuma tsoro na ƙaruwa, don na san wata rana zan zo ba komai.

Bara, gero ya fitar da kai, ina kan kabu-kabu muka ratsa ta gonar matar. An ja igiya an ɗaɗɗaura tsummoki don korar tsuntsaye. Cikinsu na ga jan zaren. Na ce wa mai babur ya tsaya.

Abin da ya saura bai fi tafin hannu ba. Na kama ƙullin ina kwancewa, matar ta taso daga inuwa ta ce, "Ɗauki mana, ɗiyar Inna. Tsumma ne."

Sai ga tsuntsaye sun sauko kan zangarniya. Iska ta ɗaga tsumman, ya kaɗa, suka watse. Haka Inna take kaɗa bakin zanenta in kaji sun zo wa shanyar hatsi.

Na mayar da ƙullin, na ƙara tamke shi. Har yau ba ni da ko zare ɗaya nata.