Gadar da Ta Gagari Yaya Emeka

Wata Asabar ce cikin damina, a hutun da muka gama aji biyar na firamare. Ina tsugune a bakin rijiyar gidanmu da ke Gyaɗi-Gyaɗi ina fama da ƙanzon tukunyar tuwo, sai ga Nkechi ta faɗo gidan a guje, yayyafi ya jiƙa mata kafaɗu, ta ƙanƙame wani abu cikin ɗankwalinta kamar wadda ta tsinto ɗan tsako. Ta gaida Umma a tsaitsaye, ta ja ni da hannuna mai kumfa zuwa zaure, sannan ta warware ɗankwalin. 'Yar na'urar gem ce ta hannu, ruwan toka, gefenta duk ya koɗe saboda riƙo. Na san ta sarai, domin shekara guda muna leƙenta ta bayan kafaɗar yayanta Emeka, ba mu taɓa samun izinin taɓa ko madanni ɗaya ba. Nkechi ƙawata ce tun muna rarrafe. 'Yan ƙabilar Ibo ne, Kiristoci, katanga ɗaya ta raba gidanmu da nasu, mahaifiyarta kuma ma'aikaciyar jinya ce a asibitin koyarwa. A Kano aka haife ta, kuma in muna faɗa ta fi ni iya baƙar magana da Hausa. Ranar ta zo da labari biyu. Na farko, Yaya Emeka ya koma jami'a ya bar mata gem ɗin don ya gaji da shi. Na biyu, wanda ta faɗa tana kallon ƙasa, an yi wa mamanta canjin wurin aiki, ƙarshen hutu za su koma Kudu.

Gem ɗin ba irin na ƙwallo ko na dambe ba ne da saurin yatsa ke ci. Fili ne aka yanka gida-gida kamar na dara, kana da mayaƙa goma sha ɗaya, kowa da fuskarsa da halinsa da iyakar takun da zai iya yi. Sai ka matsar da naka ɗaya bayan ɗaya, ka gama, sannan abokan gaba su yi nasu kana kallo ba ka da ta cewa. Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne, duk wanda aka kashe ya tafi ke nan har ƙarshen labarin, sai dai in ka haƙura ka sake yaƙin daga farko, yaƙi ɗaya kuwa ya fi awa guda. Yaya Emeka ya ci yaƙi goma sha takwas bai rasa ko mutum ɗaya ba, na sha tara ne ya gagare shi. Wata gada ce a kan kogi, da zarar ka tunkare ta sai mahaya dawakai su kwararo su watsu a fili su kewaye ka. Ya faɗa wa Nkechi cewa babu mahaluƙin da zai wuce wurin da mutanensa cif. Sunayen mayaƙan na Turanci sun yi mana nauyi a baki, sai muka raɗa musu namu. Mai sulken da ke tafiya da ƙyar muka sa masa Ɗan Dako, mai doki Gaggawa, mai warkar da raunuka Sista, wata siririyar 'yar baka kuma da bugu biyu ke kayar da ita muka kira ta Tsinke.

Ban taɓa yin aikin gida da sauri irin na wannan hutun ba. Kafin hantsi na yi shara, na yi wanke-wanke, na cika randa da baho, na wanke wa ƙanina kayan makarantar allo, har Umma ta fara duba bayan tukwane ko na yi mata ha'inci. Carafke da 'yar gala-gala duk muka ajiye su. Matsalarmu batir ce. Ƙanana biyu take ci, in jar fitila ta kama sai mu cire su mu shanya a kan kwanon ɗakin kaji, mu ɗan ciza su da haƙori, mu mayar, su ƙara mana minti goma. Mun gwada gadar ya fi sau bakwai. Kullum sai an kashe Sista ko Tsinke, mu kashe na'urar.

Umma takan ce "shawara ɗaukar ɗaki", don haka muka yanke mu nemi masana. Akwai wani shagon gem a hanyar injin niƙa, kafin ka fita titin gidan zu, inda samari da yara maza ke cika suna ihu a gaban talabijin. Mata ba sa shiga. Muka tsaya a bakin ƙofa, ni da kwanon masarar da aka aike ni niƙa a ka, muka sa aka kira mana Sagir, ɗan ajinmu da ake ji da shi a wurin. Kafin mu gama bayani an kewaye mu. Wani ya ce wannan ai gem ɗin tsofaffi ne, mutum ya zauna yana lissafi kamar mai jarrabawa. Wani ya ce ƙarya ne, ya fi ƙwallo daɗi, sai dai ba na masu gajen haƙuri ba ne. Gardama ta kaure kan ko mai doki ya fi 'yan baka amfani, har mai shagon ya leƙo ya sa baki, ya ce shi a ganinsa mai warkarwa ita ce uwar tafiya. Sagir ya ce mu tura Gaggawa gaba shi kaɗai ya share hanya. Wani dogon yaro da ya taɓa buga irinsa ya ce mu daina wahalar da kanmu, kowa ma a irin wannan wurin sai ya ba da mafi rauni a matsayin tarko, a cinye shi, sauran su wuce. Na isa gida a makare da garin, na sha faɗa, amma kaina cike yake da ra'ayoyin mutane.

Mun gwada ta Sagir. Gaggawa ya kayar da mutum shida, na bakwai ya kayar da shi. Daga nan Nkechi ta karkata ga shawarar dogon yaron. Ta ce kwana ke ƙarewa, ita so take ta ga ƙarshen labarin kafin su tafi, a ba da Tsinke kawai. Na ce ban yarda ba. Ta ce, "Ke Bilki, ai ba mutum ba ce, zane ce." Na ce mata ko zane ce, tun yaƙin farko take tare da su, kuma in haka za mu yi to ba mu fi Yaya Emeka da komai ba, shi ma ai ya san wannan hanyar ya ƙi bin ta. Ta ce gem ɗin na gidansu ne. Na ce ta tafi da abinta. Kwana uku ba mu yi magana ba, ga katanga ɗaya tsakaninmu, ina jiyo ƙarar ɗaure kwalaye daga gidansu.

Da ba ni da na'ura sai na koma ƙasa. Na ɗauki gawayi na zana filin a simintin tsakar gida daga ka, kogin da gadar da bangayen da ke bayan inda mayaƙanmu ke farawa. Marafan lemo su ne namu, ƙwallayen dabino abokan gaba. A haka Baffa Ilu ya same ni. Yayan mahaifina ne, mai gyaran rediyo da agogo a bakin titi, kuma duk unguwar an san ba a cin sa a dara. Na ɗauka dariya zai yi, sai na ga ya tattare babbar rigarsa ya tsuguna. Ya tambaye ni takun kowane marfi, ya tambayi wa ke bugu daga nesa, wa ke bugu daga kusa, yana gyaɗa kai kamar na kawo masa rediyo mai wuyar gyara. Can ya ce, "To wa ya ce miki dole ku ne za ku je gadar? Su ke nemanku, ki bari su zo. Ja da baya ga rago ba tsoro ba ne." Muka gwada a ƙasa, shi yana tura ƙwallayen dabino. Ja da bayan ya taimaka, amma da yake filin a buɗe yake, sai da ya kewaye ni ya cinye marfi biyu. Ya miƙe ya kakkaɓe hannu, ya ce rabin amsar ke nan, sauran rabin ni zan nemo.

Washegari aka aike ni Babban Giji kai wa gwaggona saƙo. A hanyar dawowa, a wani lungu da ruwan sama ya cinye gefensa, na tarar da cunkoso. Wani mai kurar ruwa ne tayarsa ta faɗa rami a daidai inda lungun ya fi matsewa, sai ga adaidaita sahu biyar da babura sun yi layi a bayansa suna ta hon, babu wanda ya isa ya wuce. Mutum ɗaya, a hankali yake abinsa, ya tsare gari guda. Na tsaya ina kallo har wani mai babur ya ce in matsa. A guje na ƙarasa gida na duƙa kan zanena. Can baya, tsakanin bango biyu, akwai wata 'yar hanya mai faɗin gida ɗaya tak, wadda ba mu taɓa kula ta ba domin idonmu kullum yana kan gada. Na ɗora marfin Ɗan Dako a bakinta, na jera sauran a bayansa.

Ban jira an sasanta mu ba, na shiga gidan su Nkechi na ja ta kamar yadda ta ja ni ranar farko. Ta daɗe tana kallon gawayin, sannan ta ce akwai abin da ban sani ba. Ta fi ni karanta Turancin da ke fitowa, kuma ta lura wani sojan yana cewa a zagaye na goma wasu za su ɓullo ta baya. Ke nan sai mu gama da mahayan kafin lokacin, mu juyo da Gaggawa ya tsare bayanmu. Maman Emeka, da ta biyo mu karɓar turminta da Umma ta ara, ta saurara da kayan aikinta farare a jiki, ta ce ita ba ta san gem ba, amma a wurin aikinsu ba a jira rauni ya yi tsanani kafin a duba shi, kuma in mai jinya ta faɗi kowa ya faɗi. Baffa Ilu kuwa, da ya shigo ya tarar da mu, ya zaro batir biyu sababbi daga aljihu ya ajiye a gefen zanen.

Ranar Lahadi bayan sun dawo daga coci, ni kuma na idar da la'asar, muka zauna a zaure kan tabarma. Ita ke danna madannai, ni ke ƙirga gidaje da yatsa. Muka janye kowa baya. Mahayan suka ƙetaro gadar a fusace, suka zo suka cushe a bakin 'yar hanyar, ɗaya kawai ke iya kai wa Ɗan Dako bugu, Sista na bayansa tana warkar da shi tun kafin ya jigata, 'yan bakanmu suna harbi ta saman bango. Sau ɗaya na yi kuskuren ƙirga, mashi ya sami Tsinke, ranta ya rage saura ƙiris, Nkechi ta damƙe min hannu har sai da farcenta ya yi shaida. Muka janye ta can ƙurya. A zagaye na goma mutanen bayan suka ɓullo, suka tarar da Gaggawa yana jiransu. Da muka taka gadar babu kowa a kanta sai shugabansu, muka taru muka kayar da shi. Tsinke ba ta yi wani abin a zo a gani ba a yaƙin nan, amma da sunaye suka jeru a ƙarshe tana cikinsu. Muka ƙirga sau uku, goma sha ɗaya. Ba mu yi ihu ba, kallon juna kawai muka yi, sai kuma dariya ta ƙwace mana har Umma ta leƙo.

Sagir bai yarda ba sai da ya zo ƙofar gida ya ƙirga da kansa, daga nan labari ya kai shagon gem cewa 'yan mata biyu sun wuce gada ba asara. Da Yaya Emeka ya zo taya su kwashe kaya, ya kunna na'urar ya daɗe yana dubawa, sannan ya miƙo min biro ya ce in nuna masa yadda aka yi. Ɗan jami'a guda ya tsuguna, ni 'yar aji biyar ina zana masa dabara a bayan kwalin kwanuka. Na ci jarrabawa da yawa bayan wannan, amma ban tuna wadda ta sa na ji kaina ya kai haka ba. Ƙarshen labarin gem ɗin kuwa ba mu gan shi tare ba, saura yaƙi shida motarsu ta tashi.

Yanzu ina koyar da lissafi a wata sakandare a Tarauni. Ɗana yana buga irin waɗannan wasannin a waya, masu kyan hoto da ba mu taɓa mafarkinsu ba, ba ya kuma shanya batir a rana. In wuri ya gagare shi, minti biyu ya ishe shi ya nemo bidiyon wani baƙo a wata ƙasa da ya riga ya wuce, ya kwaikwaya, ya ci gaba. Ba na ganin laifinsa, da mun samu mu ma da mun yi. Sai dai nakan tuna cewa kafin mu wuce wuri ɗaya sai da muka bi ta kan yaran shago, da dattijo, da ma'aikaciyar jinya, da faɗan kwana uku, har da wani mai kurar ruwa da bai san ya koya min komai ba. Baffa Ilu ya rasu, shagon gem ɗin ya zama na sayar da kayan waya, Nkechi kuma sai gaisuwar sallah da ta Kirsimeti. A lokacin amsa tana da wuyar samu, amma a wurin mutane ake samunta.