Ramin Mataki na Huɗu

Yayana mai gyaran rediyo ne, amma babban aikinsa zagin waɗanda suka ƙirƙiro wani tsohon wasan gem da ake bugawa a talabijin, kashi na biyu, wanda wani ɗan ƙaramin mutum ke gudu a cikinsa yana tsallake ramuka. Shekara ashirin yana buga shi a ƙuryar shago, rediyoyin jama'a na shan ƙura.

A mataki na huɗu akwai wani ƙaton rami. Kullum sai ya taho a guje, ya daka tsalle, ya afka ciki.

"Waɗannan ba su san aikinsu ba!" in ji shi. "A kashi na ɗaya gaba kawai ake yi."

Ran nan matarsa ta kawo masa abinci, ta gaji da kallon faɗuwarsa, ta karɓi abin dannawar. Maimakon ta nufi ramin, sai ta juya baya. Taku biyar, ga tsani a bayan bishiya. Ta hau, ta wuce ta saman ramin.

Yaya ya ja tsaki. "Wannan ragwanci ne. Namiji ba ya ja da baya."

Haka ya ce ranar da ya ɓata da mahaifinmu. Har yau yana cikin ramin.