Kirarin da Baba Ya Ƙi

Yanzu in ana biki a unguwarmu ba na fita. Ƙafafu sun ƙi, kunne kuma ba ya ɗaukar akwatin nan da suke kunnawa ya yi ta ihu tun hantsi. Sai in sa a shimfiɗa mini tabarma a bakin ɗaki, a aiko mini da tuwo in ci abin da zan iya. Amma ni na ga biki. Nawa da kalangu da ganga aka yi shi, mutane suka tako tun daga Gazawa a ƙasa. Kuma kaɗan ya rage a yi shi shiru kamar zaman makoki, saboda mahaifina.

Baba tsohon soja ne. Ina goye ya bar gida. Ba yaƙi ya tafi nema ba, aikin tilas na Faransa ya guda, ya tsallaka wajen dangin kakanmu a ƙasar Katsina, can kuma Turawan Ingila suka ɗebe shi soja. Aka zuba su a jirgin ruwa aka kai su gabas, wajen Somaliya da Habasha, su yaƙi mutanen Italiya, waɗanda shi yake kira Taliyan. Sai da na yi wayo, har ina bin Inna rijiya da ɗan tuluna, sannan ya dawo, da manyan takalma da bargo da wani tari da bai rabu da shi ba har ya koma ga Allah.

Labari ya riga shi isowa. Wani da suka dawo tare ya baza a kasuwa cewa Taliyan sun watse a gabansu, sun bar motoci da igwa a hanya, manyansu farare sun fito hannu sama. A ƙasar da gardi ɗaya, ɗan sandan Faransa, ke tashin gari guda da bulala, a ce ɗan garinmu ya ga Bature ya ɗaga hannu, ai ba ƙaramin abu ba ne. Maroƙin garinmu, wani dogo mai muryar da ake ji daga gona, ya zo ƙofar gidanmu da makaɗansa, ya buɗe baki:

"Namijin da ya kori Taliyan da rana tsaka. Ya ci su a tudu, ya ci su a kwari. Mai sa Nasara ɗaga hannu."

Baba ya fito daga zaure. Ya ce, "Ka yi haƙuri. Kar ka ƙara yi mini wannan." Ya juya ya shige, bai ba shi komai ba.

To, a wurinmu wanda aka yi wa kirari kyauta yake yi. Wanda ya ce kar a yi masa, kowa ya san fassararsa: ba ya son ya bayar. Babu wanda ya tsaya tunanin wani dalili. Gari ya ɗauka soja ya dawo da dukiya ya binne a ɗaki, yana rowa. Maroƙin ya sake gwadawa ranar sunan ƙanena, Baba ya sake korarsa. Daga nan kirari ya koma zambo. In ana wasa a dandali sai ya karkata kai wajen gidanmu ya ce, "Ga gidan da kaza ke fita cin abinci maƙwabta." Mutane su kwashe da dariya. Inna ta daina zuwa rijiya da safe, sai rana ta take, lokacin da mata suka watse. Ni kuwa ban iya haƙuri ba. Na fasa wa wata yarinya tulu a kan maganar nan, kuma har yau ban ga laifina ba.

Haka muka girma. Baba yana noma, yana salla a sahun baya, ba ya shiga hira. Duk wanda ya mutu a garin, shi ne na farko a makabarta da fartanya.

Da na isa aure, na samu wanda nake so, wani manomi daga wani ƙauye a hanyar Agye, a kasuwa muka haɗu ina sayar da ƙuli-ƙuli. Aka sa rana bayan kaka. Sai maroƙin ya aiko cewa shi ba ya taka gidan da aka kore shi, makaɗan garuruwan kusa kuma suka bi bayansa, don su ba sa saɓa wa juna. Gwaggon ango ta zo ganin ɗaki, ta zauna ta sha fura, ta goge baki ta ce wa Inna, "Mu dai a danginmu ba a kawo mana amarya shiru kamar an sato ta. In babu kiɗa, sai a sake shawara."

Washegari ni na kai wa Baba fura gona. Na same shi yana ɗaurin dami. Na ajiye ƙwaryar ban durƙusa ba.

Ya dube ni ya ce, "Yau gwiwar ciwo take?"

Na ce, "Baba, aurena zai mutu saboda riga ɗaya da ka ƙi ba maroƙi."

"Haka ke ma kika ɗauka?"

"Haka gari ya ɗauka. Ni me zan ɗauka?"

Ya sha furar a hankali, ya yi tari, ya ce in zauna. Na zauna a kan kara.

Ya ce, "Ɗiyata, kin taɓa tambayar su wa muka harba?"

Na ce, "Taliyan mana."

Ya ce Taliyan ɗin da ya gani da idonsa yawancinsu a zaune ya gan su, a inuwa, bayan sun miƙa bindigogi. Sun gaji, takalmansu sun yage, wasu yara ne da ko gemu ba su yi ba. Shugabansu ya turo su nesa ya manta da su, ba mai, ba abinci. Hafsoshin Ingila suka ba su shayi da taba, aka kwashe su a mota. Ya ce bai ji haushinsu ba, tausayi ma suka ba shi.

"Amma akwai wata rana a bakin wani kogi," in ji shi. "Tun asuba muke harbi, ana harbinmu. Da rana ta ɗaga wuta ta mutu daga can, aka ce mu haye. Farare sun riga sun hau mota sun gudu tun da duhu. Waɗanda suka bari a ramuka baƙaƙe ne kamarmu, sojan haya. Na juya gawar na farko, ga laya a damtsensa irin tawa. Na biyu da tasbaha a wuya. Wani bai ƙarasa ba, ga tabon salla a goshinsa, yana kallona yana kalmar shahada. Ban san yarensa ba, amma wannan na ji ta sarai. Na kama masa muka ƙarasa tare."

Ya murza zangarniya a hannu har tsabar ta zube.

"Aka ba mu shebur aka ce mu rufe su kafin su yi wari. Rami ɗaya, ba wanka, ba likkafani, ba wanda ya tambayi ina alƙibla. Na so in yi magana, saje ya daka mini tsawa. To wannan ne ake buga mini ganga a kai. In na ba da riga, na sayi wannan ke nan na rataya."

Na ce, "Me ya sa ba ka faɗa wa mutane ba?"

Ya ce, "In ce musu me? Su abin da suka samu ke nan na daɗi a zamanin gardi. In ƙwace musu?"

Shekaruna ba su kai in san abin da ake cewa ba, kuma gaskiya ko a lokacin bikina nake tunani. Na ɗauki ƙwarya na tafi.

Da la'asar ya ɗora dami a kan jaki ya nufi gidan maroƙin. Matar maroƙin ce ta ba ni labari daga baya. Wai da maroƙin ya ga Baba sai ya ce, "A'a, soja, ɓatan hanya ka yi? Ko jakin ne ya fi ka kunya ya jawo ka?" Baba ya sauke damin ya ce, "Ka zo bikin ɗiyata. Ka yi mini kirarin noma, ka yi na kakannina, ka yi duk wanda ka ga dama. Na yaƙi kawai ka bari." Maroƙin ya ce, "Wato in yanka rago in zubar da kitsen." Amma ya yarda.

Ranar biki ina cikin ɗaki a lulluɓe, ƙawata tana leƙe ta kafar zana tana faɗa mini. Maroƙin ya cika alkawari. Ya yabi gonar Baba, ya yabi kakanmu da ya sari dajin nan. Sai dangin ango suka fara gunaguni. Wani kawunsa ya ɗaga murya ya ce, "Malam maroƙi, gero kowa na da shi. Mu an ce mana ɗiyar wanda ya kori Taliyan za mu ɗauka. Ko ƙarya aka yi mana?"

Kalangu ya tsaya. Ƙawata ta ce, "Maroƙin yana kallon Babanki." Na ce, "Shi fa?" Ta ce, "Yana kallon ƙasa." Can ta ce, "Ya tashi." Ya cire rigarsa ta salla, wadda ba shi da wata bayanta, ya taka har tsakiyar fili ya yafa wa maroƙin a kafaɗa.

Ganga ta tashi. Na ji kirarin daga farko har ƙarshe, na tudu da na kwari da ɗaga hannun Nasara, mata suna guɗa. Baba bai koma ya zauna ba. Ya tsaya a wurin da 'yar shara, hannuwa a baya, har aka gama. Gwaggon ango ta shigo tana rawa ta ce, "Yanzu na ji magana."

Aka kai ni ɗakina da kiɗa har bakin ƙauyensu. Na zauna da mutumin nan lafiya har na rufe masa ido, na haifi 'ya'yan da suka cika gida. Ba zan ce da ban yi bikin ba.

Zambo ya mutu daga ranar. Inna ta koma rijiya da safe. Sai dai abin da aka buɗe ba ya rufuwa: duk suna, duk aure, duk salla, maroƙin sai ya zo ƙofarmu da kirarin nan, Baba kuma sai ya fito ya tsaya ya ji, ya ba da abin da ya samu. Washegari in Inna ta kai masa fura sai ya ce ta mayar, yana azumi. Ta yi ta tambayata ko na san azumin mene ne wannan da ba ya ƙarewa. Na ce mata ta bar shi, tsufa ne.