Katakon Jirgin Baffa

Jiya wata likita ta ƙwanƙwasa tebur ta ce "touch wood", sai na tuna marigayi baffana, mai fito a kogin Haɗeja. Wurin wani Baturen gona ya koyi maganar. Wai Turawa kan taɓa katako in sun ambaci alheri, don kada ya kuɓuce.

Shekarar da ambaliya ta cinye shinkafarmu, shi ya ƙetarar da ni zuwa asibiti, jaririyata na zazzaɓi. Jirgin na ƙarnin kifi, ruwa na lasar bakinsa.

Na ce, "Baffa, za mu kai kuwa?"

"Ban taɓa kifewa ba, 'yata." Ya ƙwanƙwasa jirgin. "Wannan na Bature ne." Sai ya ɗaga tafukansa sama. "Ga namu."

Jaririyar nan ita ce likitar jiya. Allah Ya ƙetarar da Baffa lafiya, yadda ya ƙetarar da mu.