Teburin Maharbin Rafin Guza

A duk shekarun da na yi ina aikin kafinta, akwai tebur ɗaya da ba zan taɓa mantawa da shi ba, wanda na ƙera wa wani maƙwabcina a Rafin Guza.

Mutumin tsohon akawu ne. Tun da ya yi ritaya ya naɗa kansa maharbi, alhali ko kaza za a yanka a gidansa sai an nemo wani. Kakansa, in ji shi, ya taɓa kashe ɓauna. Wata rana ya shigo shagona ya nuna mini bidiyo a waya, wasu Turawa zaune gaban tebur suna sake cika kwanson harsashi.

"Irin wannan nake so, Malam. Mai aljihu shida."

"Alhaji, kana da lasin bindiga kuwa?"

"Lasin ai na matsorata ne," in ji shi.

Na ƙera. Wannan wautar tawa ce, ban ɗora wa kowa ba. Ya fitar da keken ɗinkin matarsa baranda, ya girke teburin a ɗakin, ya jera kwanson da ya sayo wurin mafarauta, ya goge su suna ƙyalli. Albarushi ko cokali ɗaya bai mallaka ba, bindiga kuwa sai a baki. Amma duk baƙon da ya zo sai an kai shi ya gani.

A garin da mutane suka sha tashin hankali, wa zai ga kwanson harsashi jere ya yi shiru? Wata Laraba bayan azahar ina goge katako sai na hango 'yan sanda sun nufo shagona, gwarzon namu a gaba, hula a karkace, yana nuna ni da yatsa.

"Shi ne, ranka ya daɗe. Kayansa ne, ajiya ya ba ni."

'Ya'yana huɗu na fara tunawa.

Matarsa ce ta ratso cikin masu kallo.

"Yallaɓai, wannan bawan Allah katako kawai ya buga. Kwanson mijina ne ya sayo, ni na wanke buhun da suka zo a ciki."

"Hajiya, ki yi shiru mana," ya ce da ƙaramar murya. Ko kallonsa ba ta yi ba.

Aka tafi da mu biyu. Ni aka sallame ni kafin magariba, shi kuwa sai da dattawan unguwa suka yi kwana biyu suna zarya. Da ya dawo sai ya riƙa gaya wa mutane shawara aka kira shi ya bayar. Ni dai har yau bai ce mini yi haƙuri ba, in ya hango ni sai ya tsallaka titi.

Tun daga ranar ba na buga ƙusa sai na san abin da za a ɗora a kai. Kuma in na ji mutum yana yawan ba da labarin jarumtarsa, nakan matsa gefe, don ranar tsoro ni zai fara nunawa.